Baba ya ce ya saba da zafi, amma ranar nan bai gane ni ba

Assalamu alaikum, Anti. Mahaifina shekararsa 76, kuma shi kaɗai yake zaune tun rasuwar mahaifiyarmu shekara biyu da suka wuce. Ɗakinsa a sama yake, rufin kwano ne, taga ɗaya ce, ita ma kullum a kulle saboda tsoron ɓarayi. Yana da hawan jini, cikin magungunansa akwai wanda ke sa shi yawan fitsari, shi ya sa ya rage shan ruwa don kada ya riƙa tashi cikin dare. A makon da aka yi tsananin zafin nan na je gaishe shi da yamma, na tarar da shi kwance, jikinsa zafi zau, yana kirana da sunan mahaifiyarmu. Na jiƙa tawul na yi ta shafa masa, na ba shi ruwa da farasitamol, zuwa dare ya dawo hayyacinsa. Da na ce ya dawo gidana har zafi ya wuce, sai ya ce shi ba yaro ba ne, ya haura shekara saba'in yana shan rana ba ta kashe shi ba. Yayana ya goyi bayansa, wai tsufa ne kawai, ni ce mai zuzuta magana. Masu hasashen yanayi sun ce zafin zai dawo nan da kwana goma. Ina da miji da yara uku da aiki, ba zan iya tarewa wurinsa ba. Barci ya gagare ni. Yaya zan yi?

'Yar Baba

Wa'alaikumus salam, ƙanwata.

Ba zuzuta magana kike yi ba. Dattijon da jiya ya san 'yarsa sarai, yau da yamma ya kira ta da sunan matarsa da ta rasu, jikinsa kamar garwashi, a tsakiyar makon tsananin zafi, wannan ba tsufa ba ne. Tsufa a hankali yake cin mutum, wata da watanni. Ba ya zuwa da rana tsaka ya tafi da dare. Abin da kika kwatanta ya yi kama da bugun zafi, wato lokacin da jiki ya kasa fitar da zafin da ya tara har abin ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma a wurin likitoci wannan lalura ce ta gaggawa, sahu ɗaya da bugun zuciya. Allah ne ya kai ƙafarki gidan a ranar. Ki sani kuma tawul ɗin nan da kika jiƙa shi ne ya yi aikin, ba ƙwayar ba. Farasitamol yana sauke zazzaɓin da cuta ta kawo, amma ba ya yin komai a kan zafin da ya shiga jiki daga waje, kuma idan bugun zafi ya riga ya jigata hanta, ƙara mata nauyi yake yi. Ban faɗa don ki zargi kanki ba, kusan kowa abin da zai ɗauko ke nan. Na faɗa ne don gaba.

Ko da yake ya warware, ki kai shi wurin likita a makon nan, kada ki jira zafin ya dawo. Ruɗewar da ta zo ta tafi a tsoho mai hawan jini tana iya zama zafi, tana kuma iya zama somin-taɓin shanyewar ɓarin jiki, ko faɗuwar suga, ko rikicewar gishirin jini, ko wata cuta a mafitsara. Daga wasiƙa ba zan iya rarrabewa ba, likita ne zai iya. Ki faɗa masa komai yadda kika faɗa mini, har da sunan da Baba ya kira ki da shi, ki roƙa a yi gwajin ƙoda da na gishirin jini. Ki kwashi magungunan duka cikin jaka ki tafi da su, har waɗanda yake saya da kansa ba da takardar likita ba.

Bari in ɗan tsaya a kan yadda zafi ke kayar da mutum, domin da wannan za ki yi wa Yaya bayani. Jikin ɗan Adam yana aiki ne a kusan digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, kuma ba ya jure yin nisa da nan. Idan ya kai 40 har tunani ya rikice, to an shiga haɗari. Dabara biyu jiki yake da ita. Yana buɗe jijiyoyin fata ya turo jini waje don ya huce, yana kuma fitar da gumi don iska ta busar da shi ta tafi da zafin. Ta farkon zuciya ce ke ɗaukar nauyinta, domin dole ta ƙara bugu ta ƙara sauri, ko da mutum yana kwance bai ɗaga ko tsinke ba. Ta biyun kuwa da ruwan jiki da gishirinsa ake yin ta, kuma ba ta aiki sai gumin ya bushe. Shi ya sa zafi mai danshi, wanda gumi ke tsiyaya yana ɗiga ba ya bushewa, ya fi busasshen zafi mugunta ko da ma'auni bai nuna ya kai shi ba. To ki ɗora wannan a kan Baba. Jikin ɗan shekara 76 ba ya gumi kamar na ɗan 40. Zuciyarsa ta daɗe tana kokawa da hawan jini. Ga magani yana zuƙe ruwa ta fitsari, ga shi ya rage sha. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙishirwa kanta takan dusashe da shekaru: tsoho zai bushe ƙamas bai ji yana son ruwa ba. Idan ya ce miki ba ya jin ƙishirwa, gaskiyarsa ya faɗa, amma wannan gaskiyar ba ta nuna jikinsa na da ruwa.

Sai kuma dare. Rana ɗaya mai zafi jiki yana iya shanye ta idan dare ya yi sanyi ya huta. Abin da ya mayar da kwanakin tsananin zafi bala'i shi ne suna zuwa a jere, kuma daren ba ya hucewa. Kwano da bango sun sha rana tun safe, da dare sai su riƙa amayo ta cikin ɗaki. Zuciya ta kwana tana gudu, gari ya waye ta ci gaba, a kwana na biyu ko na uku sai ta gaza. Yawancin waɗanda zafi ke kashewa ba a rubuta zafi a takardar mutuwarsu, sai a ce zuciya, ko ƙoda, ko numfashi. Ambaliya takan bar gidaje a rushe kowa ya gani, girgizar ƙasa haka, amma zafi ya ɗauki mutum ya bar ɗakinsa a gyare, a ce ai dama yana da hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kawo ƙiyasin cewa daga 2000 zuwa 2019 kusan mutum 489,000 ke mutuwa kowace shekara ta dalilin zafi. Ban san wani bala'i mai yawan kisa haka da mutane ke raina shi kamar wannan ba.

Yaya ya ce an saba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, domin jiki yana sabawa da zafi cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma wanda ya tashi a ƙasa mai zafi ya fi baƙo juriya. Amma sabo yana da iyaka, kuma iyakar tana matsowa kusa da ƙaruwar shekaru. Mutanen Mali ba baƙin rana ba ne. A farkon Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes, kuma wani babban asibiti a Bamako ya ƙirga gawa 102 cikin kwana huɗu, alhali a duk watan Afrilun shekarar da ta gabata 130 ya ƙirga. Mutanen Karaci a Pakistan ma sun saba, amma a Yunin 2015 sama da 1,000 suka mutu cikin 'yan kwanaki. A aikin Hajjin 2024 zafi ya kai 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar mutum 1,301, kuma da yawansu daga ƙasashe masu zafi suka fito. Duk waɗannan, da an tambaye su mako guda kafin nan, cewa za su yi sun saba.

Wanda ya fi kama da halin Baba shi ne abin da ya faru a Faransa a Agustan 2003. Kusan mutum 15,000 zafi ya kashe a ƙasar, sama da 70,000 a faɗin Turai a wannan bazarar. Akasarinsu tsofaffi ne, kuma a birnin Faris masu kwana a ɗakunan can sama, ƙarƙashin rufin kwano, suna cikin waɗanda abin ya fi ci. Gawa ta yi yawa har aka koma ajiye ta a rumbun sanyi na kasuwa da motocin sanyi. Mutum 57 babu wanda ya zo neman gawarsu, sai hukuma ce ta binne su, shugaban ƙasar na lokacin Jacques Chirac yana tsaye. A Shikago ta Amurka, Yulin 1995, mutum 739 cikin kusan kwana biyar, da yawa tsofaffi masu zaman kaɗaici waɗanda suka ƙi buɗe taga don tsoron ɓarayi, kuma abin ya fi cin maza. A yammacin Kanada a 2021, cikin mutum 619 da suka mutu, kashi 98 cikin ɗari a cikin gida suka mutu, fiye da rabi su kaɗai suke zaune. Ki duba ki gani: namiji, tsoho, shi kaɗai, ɗakin sama, taga a kulle. Da na karanta wasiƙarki gabana ya faɗi, domin kowane ɗaya a cikinsu kin lissafa shi ba tare da kin sani ba.

Na taɓa ganin abin da idona. Shekarun baya muna da wata dattijuwa maƙwabciya, kullum da yamma takan fito da kujerarta bakin ƙofa. A wani zafi irin wannan, kwana na uku, na lura kujerar ba ta fito ba. Na ƙwanƙwasa, ta amsa da wata murya kamar daga cikin rijiya. Ina tura ƙofar hucin ɗakin ya buge ni a fuska. Tana zaune a bakin gado ta saka rigar sanyi, wai ɗari take ji. Kofin ruwan da jikarta ta ajiye mata da safe yana nan a cike bai motsa ba, leɓɓanta sun bushe sun tsattsage, harshenta ya yi nauyi. Na ce, Iya, yaya jikin? Ta ce lafiya lau, 'yata. Kwana huɗu ta yi a asibiti ana ƙara mata ruwa. Ɗanta ya kira ta a waya da safiyar ranar, ta ce masa lafiya lau, ya kwantar da hankalinsa ya tafi aiki. Tun daga ranar na daina karɓar "lafiya lau" daga bakin tsoho a lokacin zafi. Zafi yana fara taɓa hankali ne kafin ya kayar da jiki, wanda ya kamata ya nemi taimako shi ne bai san yana bukata ba.

Don haka, ƙanwata, ina ganin kin sa ƙarfinki duka a wuri ɗaya, wato ya dawo gidanki, kuma nan ne ya fi tauri. Da ya yarda da na fi kowa murna. Amma ransa bai rataya a kan wannan kaɗai ba. Abin da zai tsare shi shi ne ido: mutum ya gan shi, ya taɓa jikinsa, sau biyu a rana a duk kwanakin da aka yi gargaɗin tsananin zafi, sau ɗaya bayan rana ta karya, sau ɗaya da dare kafin barci. Faransa ma bayan 2003 abin da ta yi ke nan, aka sa ƙananan hukumomi su buɗe rajistar tsofaffi da masu zaman kaɗaici, a riƙa bibiyarsu idan zafi ya taso. Ke ki yi wa gidanku irin wannan. Ki zauna da takarda ki raba kwanakin: ke yaushe, Yaya yaushe, mijinki ko babban ɗanki yaushe, wane maƙwabci ne Baba ya yarda da shi. A yanka makulli na biyu a ba maƙwabcin, tare da lambar wayarki. Waya ba ta maye gurbin ido, amma idan ita kaɗai ta samu, kada ki tambaye shi yaya jiki. Ki tambaye shi yau wace rana ce, me ya ci da rana, yaushe rabonsa da fitsari kuma wane launi ne. Ki ce ya sha ruwa kina kan layi ki ji saukarsa. Idan an kira shi sau biyu bai ɗaga ba, wani ya tafi, ba sai an yi shawara ba.

Maganar ruwa da magani tare suke tafiya, kuma a nan ina roƙonki kada ki yanke hukunci ke kaɗai. Kada ku tsayar da maganin fitsarin da kanku, kada kuma ku ɗura masa ruwa ba lissafi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga yawancin mutane a lokacin zafi ita ce lita biyu zuwa uku a rana, ana kurɓa a kai a kai, amma mai raunin zuciya ko ciwon ƙoda nasa ma'aunin daban ne, likita ke faɗa. Ki tambaye shi kai tsaye: lita nawa Baba zai sha, kuma a kwanakin tsananin zafi a rage maganin ne ko a bar shi? Ki gaya masa matsalar tashin dare, domin ita ce tushen ƙin shan ruwan, kuma ba ƙaramar matsala ba ce ga tsohon da ke tsoron faɗuwa a duhu. Sau da yawa gyaran mai sauƙi ne, a sha maganin da safe, a sha yawancin ruwan tun daga wayewar gari zuwa yamma, a ajiye masa fitila da abin fitsari kusa da gado. Wani lokacin kuma ƙabar mafitsara ta maza ce, wadda likitoci ke kira prostate, ta kumbura, ita ma tana da magani. Ki sayi gora biyu masu nuna ma'auni, a cika su da safe, duk wanda ya zo da yamma ya duba inda ruwan ya tsaya. Ki kuma bincika ko yana shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen ko diclofenac. Tsofaffi da yawa suna sha don gwiwa, kuma idan suka haɗu da ƙarancin ruwa da maganin fitsari, ƙoda ce ke jin jiki. Magungunan mura da na ƙaiƙayi masu sa barci su ma wasunsu suna rage gumi. Su kansu ƙwayoyin zafi yana lalata su, yawancinsu an rubuta a kwalinsu kada su wuce digiri 25 ko 30, a cire su daga kan taga.

Ɗakin kuma. Idan akwai ɗaki a ƙasa a gidan, ko na maƙwabci, ko wata inuwa mai iska, ya koma can a kwanakin gargaɗi. Wannan ba barin gida ba ne, zai fi saurin yarda. Ko awa biyu zuwa uku a rana a wuri mai sanyi suna ba jiki hutu. Ki rataya ƙaramin ma'aunin zafi a bangon ɗakinsa, don magana ta tashi daga "ina ji" ta koma lamba. Hukumomin lafiya na yammacin Kanada, bayan abin da ya same su, suna gargaɗin cewa daga digiri 31 a cikin ɗaki masu rauni na cikin haɗari idan abin ya daɗe. Na tabbata nasa ya wuce nan da nisa. Tsoron ɓarayin kada ki yi masa musu, ki kira maƙeri ya sa wa tagar ƙarafa da raga, sai ta kwana a buɗe. Da rana, lokacin da waje ya fi ciki zafi, a rufe a saki labule, kuma inuwar da aka yi wa taga daga waje ta fi labulen ciki aiki. Idan da hali, a yi wa kwanon farin fenti, a sa silin. Birnin Ahmedabad na Indiya, wanda ya kafa shirin yaƙi da zafi a 2013, ya dogara sosai da farin rufi don yana da araha kuma yana rage zafin ɗaki.

Fanka tana taimako, amma akwai inda take juyewa. Idan iskar ɗaki ta haura digiri 40, fanka hura wa mutum wuta take yi, kuma tsoho da ba ya gumi sosai tun kafin nan amfaninta ke raguwa gare shi. Sirrin shi ne a jiƙa fata. Ya sa riga mai laushi a yayyafa mata ruwa, a ɗora jiƙaƙƙen tawul a wuya, ya tsoma ƙafafu a baho na ruwan sanyi yana sauraren rediyonsa, sannan fanka ta yi aikinta. Ya watsa ruwa sau biyu ko uku a rana, a zaune a kan kujera don gudun santsi. Ki kuma yi shiri kamar wuta za ta ɗauke, domin a irin waɗannan kwanaki ne ta fi ɗaukewa: fanka mai caji, mafici, ruwa a ajiye, waya a cike. Ba a fafe gora ranar tafiya, kwana goman nan su ne naki.

Yanzu abin da nake so kowa a cikin masu zuwa duba shi ya haddace. Idan an tarar yana jin jiri, ciwon kai, tashin zuciya, kasala ko murɗewar nama, amma hankalinsa garau, a kai shi wuri mai sanyi, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafu, a sassauta tufafi, a jiƙa shi, ya riƙa kurɓar ruwa. Idan rabin awa ta wuce bai samu sauƙi ba, asibiti. Amma idan ya rikice, ko yana sambatu, ko ya kasa tsayuwa, ko ya suma, ko jiki na fizga, to babu jira ko na minti ɗaya, ko yana gumi ko ba ya yi. Ɗaya ya nemi mota ko ya kira agajin gaggawa, ɗaya ya fara sanyaya shi nan take: a cire kaya, a kwarara masa ruwan sanyi a jiki duka, a yi ta fifita, a sa ƙanƙara cikin tsumma a wuya da hammata da matsematsi. A ci gaba da haka a cikin motar har a isa. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe, a kwantar da shi a gefensa. Ko ya farfaɗo a hanya a ƙarasa da shi. Idan kuma baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, a faɗa wa likita tun daga bakin ƙofa.

Shi kuma Yaya, ki daina jayayya da shi. Ina zargin ba taurin kai ba ne kaɗai, wanda ya binne uwa shekara biyu da suka wuce ba ya son jin cewa uba ma yana bakin rami, sai ya fake da "tsufa ne". Ki roƙe shi abu ɗaya: ya zo da ƙarfe huɗu na yamma ku zauna a ɗakin Baba minti ashirin, taga a kulle yadda take kullum. Gani ya kori ji. Daga nan ki ba shi aiki a hannu, shi zai nemo maƙeri, shi zai kai Baba wurin likita ya ji da kunnensa. Mutum yakan kare abin da ya sa hannu a ciki.

Baba kuwa, da ya ce shi ba yaro ba ne, ki ji abin da ke ƙarƙashin maganar. Ɗakin nan nan ne matarsa ta zauna. Ya rasa ta, yanzu kuma yana ganin ana so a karɓe masa makullinsa da ikon kansa. Kada ki je masa da lissafin gawawwakin da na kawo miki, wannan na Yaya ne. Ki je da sanyin safiya, ki zauna ƙasa da shi, ki faɗa masa abin da kika gani ranar nan, domin mai yiwuwa bai tuna ba, kuma mai yiwuwa babu wanda ya gaya masa ya kira ki da sunan Mama. Ki ce, Baba, ni ce ba na barci, alfarma nake nema. Ki rage abin da kike roƙo: ba tarewa ba, kwana uku ko huɗu kawai idan an yi gargaɗi, ko ma wuni kaɗai ya dawo ya kwana idan dare ya huce. Ki ce jikokinsa na bukatar mai zama da su da rana, wanda kuma gaskiya ne, domin ƙananan yara su ma zafi yana saurin kayar da su, kuma tsoho ya fi son a kira shi don a amfana da shi a kan a ɗauke shi don a yi jinyarsa. Idan akwai aboki sa'ansa da yake jin maganarsa, ki bi ta nan.

Yana iya ƙi duk da haka. Yana da hankalinsa, gidansa ne, ba za ki ɗaure shi ba, kuma ba laifinki ba ne. Amma akwai magana ɗaya da nake so ki karɓa daga bakinsa tun yana garau, a gaban Yaya: "Baba, idan na sake tarar da kai ba ka gane ni ba, zan kai ka asibiti ba tare da na tambaye ka ba. Ka yafe mini tun yanzu." Ban taɓa ganin uban da ya ce a'a ga wannan ba. Yawanci shiru suke yi, su kau da kai, su ce to.

Ki sake rubuto mini bayan kun ga likita, ina son jin abin da gwajin ƙodar ya nuna da kuma lambar da ma'aunin ya nuna a ɗakin da ƙarfe huɗu. Allah ya ba Baba lafiya, ya jiƙan Mama.

Antinki